Kito, Azumin Awa 16, Ko Rage Malmala: Wanne Zai Iya Zama Da Tukunyar Gidanku?

Tela ne ya fara gaya wa yayana gaskiya, tun kafin likita. Ya kai ɗinkin ƙaramar salla, mutumin ya duba awon bara a littafi, ya zagaya masa tef a ciki, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, bana sai dai a ƙaro yadi." Aka yi dariya aka tashi. Bayan wata biyu aka auna shi a asibiti aka ce jininsa ya hau, sugansa kuma yana bakin ƙofa. Daga ranar shawara ta fara zuwa masa ta ko'ina. Maiɗakinsa ta kawo kito, tsarin cin abinci na barin sitaci da zaƙi, wanda ta gani a zauren WhatsApp na matan unguwa. Maƙwabcin shagonsa a Kantin Kwari ya ce ya daina karin kumallo, ya yi azumin awa 16. Likita kuma ya ce ya rage abinci, ya riƙa tafiya a ƙasa. Ya kira ni da daddare ya ce, "Kai da kake karance-karance, wanne zan ɗauka?"

Kafin a kai ga ukun nan, akwai na huɗu da nake so mu fitar daga layi, wato shayin rage teɓa da ake tallarsa a Instagram da TikTok. Yawancin irin wannan shayin filasko ne a ciki, ganyen da kakanninmu suka sani da wanke ciki. Yana sa gudawa, ruwan jiki ya tafi, sikeli ya sauka da kilo ɗaya ko biyu, ka sha ruwa kwana biyu ya dawo inda yake. Kitse ko gezau. Mafi muni, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama ƙwayoyi da shayin rage ƙiba da aka cusa musu sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini da ya sha wannan, ya je neman gira ne zai rasa ido. Abin mamakin shi ne, a kasuwa ɗaya ake sayar da shi da "sha ka fashe" na masu neman ƙiba, wani lokaci ma hannu ɗaya ke miƙo su.

Sai kuma tambayar ko ma kana buƙatar ragewar. Asibiti suna raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita, sannan su sake raba abin da ya fito da tsawon. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.7 zai sami 31, kuma daga 25 aka fara cewa nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce sosai. Amma tef ɗin tela ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi nuna kitsen ciki, wanda shi ne mai jawo ciwon suga. Faɗin cikinka daidai cibiya kada ya kai rabin tsawonka. Mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Kuma ba sai ka koma jikin samartaka ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum 3,234 da suga ke shirin kamawa, wanda aka fitar a 2002, waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba maganin metformin sun rage da kashi 31 ne. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo shida ne da 'yan kai. Shi ke nan abin da ake nema da farko.

To, kito. Tsarinsa shi ne a yanke abinci mai sitaci da zaƙi har ya koma ƙasa da giram 50 a yini, jiki ya rasa suga ya koma ƙona kitse. Asalinsa ma ba don ƙiba aka ƙirƙiro shi ba. Likitocin asibitin Mayo a Amurka ne suka tsara shi a 1921 don yara masu farfaɗiya. Giram 50 kuwa ƙaramar malmalar tuwon shinkafa guda ta cinye shi. Ma'ana babu tuwo, babu shinkafa, babu taliya, babu waina, babu gurasa, babu fura, babu kunu, babu doya da dankali, babu dabino, wake ma sai ɗan kaɗan. Abin da ya rage: nama, kifi, ƙwai, kaza, awara, ganye, mai, da tuwon kabeji da matan Abuja da Legas suka ƙware a kai.

Gaskiya kito yana da abin yabo. Yana kashe yunwa, domin nama da ƙwai suna daɗewa a ciki. Yana saukar da suga a jini da sauri. Kuma makon farko sikeli yana faranta rai, mutum ya ga kilo biyu sun tafi. Sai dai mafi yawan wannan ruwa ne. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya riƙe da ruwa kusan giram uku, to in ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari. Ranar da aka ci shinkafar biki, ruwan ya dawo, mutum ya ɗauka duk wahalarsa ta tashi a banza. Ga ciwon kai da kasala na kwanakin farko, ga taurin bayan gida, ga warin baki. Wasu kuma kitsen jininsu mai toshe jijiya yana hawa, musamman in man shanu da kitsen tsire suka zama abincin kullum.

Amma babbar matsalar kito a wurinmu ba ta asibiti ba ce, ta tukunya ce da aljihu. Gidan Bahaushe tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma hatsi ne ginshiƙinta. Mai kito sai an yi masa girki daban sau uku a rana, kullum. Kwanon masara daga Dawanau zai ciyar da gida guda, kuɗinsa kuwa ba zai sayi naman da mutum ɗaya zai ƙoshi da shi ba. Na ga waɗanda suka yi wata biyu a kai suka rame sosai. Wanda ya shekara biyu a kai a cikin gidan iyali, har yau ina nemansa.

Azumin awa 16 ya fi kusa da rayuwarmu. Ba ya hana ka kowane irin abinci, lokaci kawai yake ƙayyadewa: ka ci a cikin awa takwas, misali daga ƙarfe 11 na safe zuwa 7 na yamma, sauran awa 16 ruwa ne da shayi marar suga da madara. Akwai wani nau'insa da likitan nan ɗan jarida na BBC, Michael Mosley, ya yayata a 2012, inda ake cin abinci yadda aka saba kwana biyar, a takaita shi sosai kwana biyu a mako. Duk wanda ya tashi a gidan da ake azumin Litinin da Alhamis zai yi murmushi in ya ji an kira wannan sabon abu. Ba kuɗin ƙari, ba girki daban, ba lissafi. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke fita tun safe, barin shayi da burodi da wainar ƙwai na safe ba wani tashin hankali ba ne bayan mako guda.

Sai dai mu mun fi kowa sanin inda azumi yake yoyo, domin muna gwada shi kwana 29 ko 30 duk shekara. Binciken da aka tattara daga ƙasashen Musulmi ya nuna mutane kan rage kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a Ramadan, kuma yawancinsa yana dawowa cikin 'yan makonni bayan salla. Dalilin yana kan tabarmar buɗa-baki: kunun tsamiya da suga, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, zoɓo mai sanyi, sannan tuwo bayan asham. Yunwar awa 14 ake ramawa a cikin awa biyu. Haka azumin agogo yake. Idan awa takwas ɗin nan ka cusa abin da da kake ci a awa 14, ba abin da ya canza sai lokacin. Ga wata matsala da ta shafe mu musamman: abincinmu mai nauyi na dare ne, bayan isha'i, kuma shi ne na zaman iyali. Wanda ya rufe baki ƙarfe bakwai ya bar tuwon dare, wanda kuma ya matsar da awanninsa don ya kama tuwon dare zai ci ya kwanta a kai.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa wannan tsarin ba sai da izinin likitansu: mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, domin suga na iya faɗuwa ya sume, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, da mai gyambon ciki da yunwa ke tayar masa. Gargaɗin masu suga ya shafi kito ma, don in abinci ya canza dole adadin magani ya canza.

Hanya ta uku ba ta da suna mai daɗi, shi ya sa ba ta da 'yan talla. Tukunyar gida ce dai, amma a sauya yadda ake zubawa. Malmala biyu ta koma ɗaya. Miya ta yi yawa, ganye ya yi yawa, man da ke yawo a samanta ya ragu. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko nama ko ƙwai. Mu kuwa Allah ya hore mana ganye: zogale, rama, alayyafo, tafasa, yaɗiya, kuɓewa, kabewa, yalo, gurji, ga kabeji da karas da latas da suke arha lokacin sanyi. Faten wake da alayyafo, alale, dambun zogale, kwaɗon rama, duk abincin rage ƙiba ne tun kafin a san kalmar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, in dai ba a yi musu ambaliyar mai da ƙuli ba. Hadisin da ya ce a raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi, kowa ya haddace shi. Aiki da shi a gaban tuwon shinkafa da miyar taushe ne jarrabawar.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan mutane suka fi yaudarar kansu. Abu biyu ne ke shigo da ƙiba ba tare da an ji an ci komai ba: mai da abin sha. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin hatsi ko sinadarin gina jiki da ke cikin nama 4. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma wa yake awon mai da cokali a kan garau-garau ko ɗanwake? Robar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da suga wajen giram 50, daidai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum na yini guda, wato ƙaramin cokali 12, har ma ta ce a tsaya a shida ya fi. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnatin Najeriya ta sa wa lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba. Kuma kada a ɗora wa lemon kwalba laifi shi kaɗai. Zoɓon gida, kunun zaƙi, kunun aya, fura da aka dama da suga, da shayin mai shayi mai kauri da madara, duk layi ɗaya suke. Wanda ya daina shan zaƙi kawai, bai taɓa tuwonsa ba, sau da yawa ya riga ya yi rabin aikin.

Sai ruɗin alkama da acca. Da zarar an ce wa mutum yana da suga ko ƙiba, sai a koma tuwon alkama, a ci malmala biyu da kwanciyar hankali. Busasshen hatsi, ko shinkafa ne ko masara ko gero ko dawa ko alkama ko acca, kalorinsa kusan ɗaya ne, wajen 350 a giram 100. Wanda ba a cire masa dusa ba ya fi riƙe ciki, ya fi amfani, wannan gaskiya ne. Amma girman malmalar ne ke hukunci. Haka zuma a madadin suga: mai albarka ce, amma a wajen ƙiba zaƙi zaƙi ne.

Raunin wannan hanya shi ne jinkiri da rashin iyaka bayyananniya. Kito ya ce kada ka ci tuwo, azumi ya ce kada ka ci yanzu, duka biyun umarni ne da ba ya buƙatar tunani. "Rage" kuwa kullum sai ka yi shawara da zuciyarka, ga ƙamshi yana tashi. Rabin kilo a mako ake sa rai, wani makon ma ba komai. Ga kuma mutane. Mai cin abinci a tire ɗaya da 'yan'uwa bai san nawa ya ci ba, sai ya ware farantinsa, a ce yana ƙyamar mutane. Mai mata biyu da ya rage loma ranar girkin ɗaya ya jawo wa kansa shari'a, sai dai ya tara su ya yi bayani tun farko. Ka fara faɗawa kuma a fara tambaya, "Lafiya kuwa? Ko wani abu ke damunka?" domin har yanzu tumbi a wurinmu shaidar hutu ce. Matar da ta rage jiki, dangin miji su ce ba a kula da ita, nata dangin su ce ba ta da kwanciyar hankali.

To a sikeli wanne ya fi? An gwada. Jami'ar Stanford ta raba mutum 609 gida biyu na shekara guda, aka fitar da sakamakon a 2018: masu rage sitaci sun sauke kilo 6, masu rage mai kilo 5.3, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kira shi bambanci ba. A cikin kowane rukuni kuma akwai wanda ya zubar da fiye da kilo 20, akwai wanda ya ƙara nauyi. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an gwada mutum 139 na shekara guda, aka fitar a 2022: duka an rage musu abinci daidai wa daida, amma rabi suna ci ne tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma kawai. Masu agogo sun sauke kilo 8, marasa agogo 6.3, nan ma ba a sami bambancin da za a dogara da shi ba. Abin da na fahimta shi ne, duk hanyoyin nan ƙofa ɗaya suke bi, wato abin da ke shiga ciki ya gaza abin da jiki ke ƙonawa. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce wacce za ka iya riƙewa ranar suna, ranar biki, ranar da kasuwa ta yi tsit, da watan da albashi ya makara.

Motsa jiki fa? Nan ma a faɗi gaskiya. Tafiyar sauri ta rabin awa tana ƙona wa mai kilo 90 kalori wajen 150 zuwa 180, robar lemo ɗaya kuma ta haura 200. Kilo ɗaya na kitse kalori wajen 7,700 ne. Wanda ya ce zai zagaya filin sukuwa na Kano ko Dandalin Murtala na Kaduna ya bar cinsa yadda yake, zai daɗe bai ga canji ba. Amfanin motsa jiki yana wani wurin: yana saukar da hawan jini da suga ko nauyi bai motsa ba, yana hana tsoka zubewa tare da kitse, kuma shi ne ke tsare abin da aka rage kada ya dawo. A rajistar da aka buɗe a Amurka a 1994 ta mutanen da suka rage nauyi mai yawa suka kuma riƙe, yawancinsu suna motsa jiki wajen awa guda kullum, tafiya a ƙasa ce kan gaba, kuma suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Gidan motsa jiki yana da kyau ga mai kuɗin wata da abin hawa, amma an fi biya a daina zuwa. Tafiya bayan asuba, kafin ranar Afrilu ta buɗe, ba ta cin ko kwabo. Matar da fita ke mata wuya tana da tsakar gida, da igiyar tsallake in gwiwa lafiya, da takawa zuwa Islamiyya maimakon tsayar da Adaidaita.

Za a tambaye ni allurar Ozempic da Wegovy na kamfanin Novo Nordisk. Suna aiki: a gwajin da aka fitar a 2021 masu allurar semaglutide, sinadarin da ke cikinsu, sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68. Amma da aka daina, kashi biyu cikin uku na abin da ya tafi ya dawo cikin shekara. Ga tsada, ga jabu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu a 2024. Wannan maganar likita ce da mai ƙiba sosai, ba ta mai sayarwa a waya ba.

Ga yadda zan raba. Idan a gida kake ci, tukunya ɗaya da iyali, kuɗi kuma a ƙirge suke, ɗauki ta uku, ka fara da abin sha da mai kafin ka taɓa tuwo. Idan yawancin cinka a waje ne, kasuwa ko ofis, kuma matsalarka ciye-ciye ne daga safe har dare, agogo zai fi yi maka aiki, da sharaɗin ba ka cikin waɗanda aka ambata a sama, kuma ka rufe da wuri maimakon ka buɗe a makare. Kito na bar wa mai hali, mai girka wa kansa, wanda likita ke duba jininsa, kuma ya san tun farko cewa na 'yan watanni ne, dole wata rana ya sauko ya koyi zama da malmala ɗaya. Wanda bai san inda ya faɗa ba, ya gwada ɗaya na mako huɗu, ya auna ciki da tef ranar farko da ranar ƙarshe, da safe kafin ya ci komai.

Yayana ya haɗa biyu ne. Ya bar lemo, tuwon dare ya koma malmala ɗaya kuma kafin isha'i, sannan in ya rufe shago yana takawa daga Kwari har Ƙofar Mazugal kafin ya hau Adaidaita. Maiɗakinsa ta ajiye maganar kito da ta lissafa kuɗin ƙwai na wata. Inda muka kasa daidaitawa shi ne teburin mai shayi na bakin layinsu, inda yake zama da abokansa tun suna samari. Na ce ya koma baƙin shayi ba suga. Ya ce, "Ƙanena, wannan kuma sai dai ka je ka gaya wa mai shayin da bakinka." Zuwa yanzu dai an sauko daga cokali huɗu zuwa biyu, madarar tana nan.